Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi kan Izinin Fayil da Yawan Neman Kalmar Sirri

Duk wanda ya ɗora Linux kusa da Windows a kwamfuta ɗaya ya san wannan ɓacin rai: fayil naka, kai ka rubuta shi jiya, yau an ce ba ka da izinin taɓa shi. Amsoshin da ke ƙasa sun fi shafar Windows 10 da 11 tare da Ubuntu ko Linux Mint, amma yawancinsu suna aiki a Fedora da Debian ma.

Kwamfutata ce, fayilolina ne. Me ya sa ake ce mini ba ni da izini?

Domin babu ɗaya daga cikin manhajojin biyu da ta san ka da sunanka. Lamba suka sani. Windows tana bai wa kowane asusu wata doguwar lamba da ake kira SID, wadda ke farawa da S-1-5-21, kuma a jikin kowane fayil na NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi a faifai, akwai jerin lambobin da aka yarda su karanta, su rubuta ko su goge. Wannan tsari ya zo tun Windows NT 3.1 a 1993. Linux kuwa ta gaji nata daga Unix: kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, da sauran jama'a, kuma kowanne a cikin ukun ana iya ba shi karatu, rubutu ko gudanarwa. Lambar asusunka a can gajeriya ce. A Ubuntu da Mint mutum na farko da aka buɗe wa asusu yana samun 1000.

Kamar gida ɗaya ne da masu gadi biyu, na rana da na dare, kowa da littafinsa, kuma babu mai iya karanta rubutun ɗan'uwansa. Ko da ka sa suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya a ɓangarorin biyu, hakan bai haɗa lambobin ba. Kusan duk matsalolin da ke biye daga nan suka samo asali, kuma maganinsu kusan kullum shi ne a faɗa wa kowane ɓangare, sau ɗaya, wa ke da me. Ba a fasa ƙofa.

Ina buɗe ɓangaren Windows daga Linux, ina ganin komai, amma ba na iya ajiyewa ko gogewa.

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma galibi ba ruwanta da izini. Tun Windows 8 a 2012 Microsoft ta shigo da abin da ta kira Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa. Idan ka danna kashewa, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana fitar da kai daga asusunka, sannan ta kwashe halin da take ciki ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys domin ta tashi da sauri gobe. A wajen Windows faifan yana nan a buɗe. Linux tana ganin haka, sai ta ƙi rubuta komai a kai, ta bar maka karatu kawai.

Kada ka ji haushinta, gaskiya ta yi. In da za ta rubuta, Windows za ta farka da tsohon hoton faifan a kanta, ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya canza, kuma a nan ne fayiloli ke ɓacewa ko su lalace.

Gyaran a Windows yake. Ka shiga Control Panel, sashen Power Options, wurin da ake zaɓar aikin maɓallin wuta, ka cire alamar da ke gaban Fast Startup. Ko ka buɗe tagar umarni da ikon shugaba (Run as administrator) ka rubuta:

`powercfg /h off`

Wannan yana kashe Fast Startup da dogon barcin kwamfuta duka biyu, ya kuma share hiberfil.sys, ka samu sarari. In kuwa kana sauri ne yau kawai, Restart yana kashe Windows cikakken kashewa, haka ma riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down. Bayan babban sabuntawa na Windows ka sake leƙawa, domin wani lokaci saitin yakan koma yadda yake.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi damun masu kwamfutar tebur da masu laftof da batirinsa ya mutu: ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi Windows tana tsakiyar aiki, faifan yana zama da alamar cewa ba a rufe shi daidai ba. Tsohon direban da Linux ke karanta NTFS da shi, ntfs-3g, yakan yi ƙoƙarin lallaɓawa, amma sabon, ntfs3, wanda kamfanin Paragon ya rubuta aka shigar da shi cikin Linux 5.15 a 2021, yakan ƙi buɗe faifan sam. Ka koma Windows, ka gudanar da `chkdsk D: /f` da harafin faifan da abin ya shafa, ka bari ya gama, sannan ka dawo.

Za ka ga ana yawan cewa a yi amfani da `ntfsfix`. Ka san iyakarsa: ba chkdsk ba ne. Yana gyara 'yan ƙananan abubuwa, yana iya goge alamar gargaɗin, amma goge alama ba gyaran faifai ba ne. Shi kuma zaɓin `remove_hiberfile` na ntfs-3g yana zubar da duk aikin da Windows ta kwanta da shi. Ban ba da shawarar ko ɗaya ba sai ga wanda Windows ɗinsa ta ƙi tashi kwata-kwata.

Na yi chmod, na yi chown, umarnin Linux na canza izini da mai fayil, babu abin da ya canza a faifan NTFS.

Ba zai canza ba. A yadda aka saba haɗa NTFS a Linux, ba a ajiye izini irin na Linux a jikin fayilolin. Lokacin haɗa faifan ne ake yanke hukunci ɗaya da ya hau kan komai: wane ne mai shi, kuma me ya halatta. Saboda haka wurin gyara shi ne fayil ɗin `/etc/fstab`. Ka nemo lambar ɓangaren (UUID) da `lsblk -f`, ka ƙirƙiri folda da `sudo mkdir /mnt/ajiya` (sudo na nufin gudanar da umarni da ikon shugaba), sannan ka ƙara layi kamar wannan:

`UUID=lambar-ɓangaren /mnt/ajiya ntfs-3g uid=1000,gid=1000,dmask=022,fmask=133,windows_names,nofail 0 0`

Da uid da gid kana cewa komai naka ne. Ka tabbatar da lambar asusunka ta hanyar rubuta `id`. Da dmask da fmask kana hana kowane hoto da kowace takarda su riƙa bayyana kamar manhajar da za a gudanar. Shi kuwa nofail kada ka manta da shi: in babu shi, ranar da faifan ya ƙi haɗuwa Linux na iya tsayawa a hanya ta jefa ka cikin baƙin allo. Kafin ka sake kunna kwamfutar ka gwada da `sudo mount -a`. In akwai kuskure, nan take za ka gani alhali kana da damar gyarawa.

Ntfs-3g yana da hanyar daidaita lambobin Windows da na Linux ɗaya bayan ɗaya, ta wani fayil mai suna UserMapping. Tana aiki, amma ga kwamfutar mutum ɗaya wahalarta ta fi amfaninta.

Me ya sa Linux ke neman kalmar sirri duk lokacin da na danna ɗaya faifan, amma ba ta nema idan na sa filash?

Wata manhaja ce mai suna polkit ke wannan tambaya. A ƙa'idarta, abin da aka soka daga waje na wanda ke zaune gaban kwamfuta ne, amma faifan ciki na tsarin kwamfutar ne, sai da yardar shugaba. Wasu rabe-raben Linux sun sassauta wannan, wasu ba su sassauta ba. Layin fstab na sama yana kashe maganar, domin faifan zai haɗu da kansa tun kafin ka shiga.

An sake saka mini Windows a wajen mai gyara. Yanzu foldojina na faifan D suna cewa ba ni da izini.

Sabuwar Windows, sabuwar SID, ko da sunan bai canza ba. Foldojin suna nan riƙe da lambar tsohon asusun da ya riga ya tafi. In ka duba shafin tsaro na foldar za ka ga doguwar lamba babu suna. Haka ma yake faruwa idan aka ciro faifai daga tsohuwar kwamfuta aka sa a wata.

Sau da yawa danna Continue a saƙon da ya fito ya isa, domin Windows za ta ƙara asusunka a jerin. In bai isa ba, ka buɗe tagar umarni da ikon shugaba:

`takeown /f D:\Takardu /r /d y`
`icacls D:\Takardu /reset /t`

Na farko yana mayar da mallaka gare ka, na biyu yana share tsofaffin ƙa'idoji ya bar foldar ta gaji na uwarta. Ka yi wannan a kan foldar kayanka kaɗai. Abu ɗaya da ba zai warware ba shi ne fayilolin da tsohon asusun ya rufe da EFS, wato ɓoye rubutu na fayil ɗaya-ɗaya. Waɗannan makullinsu yana cikin tsohon asusun, kuma in ba a fitar da kwafinsa ba kafin a goge Windows, mallaka ba za ta buɗe su ba. Shi ya sa ya kamata a tambayi mai kwamfuta kafin a yi mata fomatin, ba bayan an gama ba.

Wane ne TrustedInstaller, kuma me ya sa ya fi ni iko?

Ba mutum ba ne, kuma ba ƙwayar cuta ba ce. Asusu ne na cikin Windows, tun zamanin Vista, wanda ya mallaki fayilolin tsarin domin kada kowa, har da shugaba, ya taɓa su bisa kuskure. Akwai masu koyar da yadda za a ƙwace mallakar faifan C gaba ɗaya don a huta da tambayoyi. Ina roƙonka kada ka bi. Sabuntawa na iya daina shiga, manhajojin da ke cikin foldar WindowsApps na iya daina buɗewa, kuma babu wani umarni ɗaya da ke mayar da dubban izinin nan yadda suke. Ƙarshenta sai an sake saka Windows. Garin neman ƙiba ne a samo rama.

Daga Linux kuwa babu mai hana ka goge waɗannan fayiloli, domin ba ta bin jerin izinin Windows. Wannan ya sa na fi son kada a haɗa faifan C da kansa kullum. In dole ne, a haɗa shi don karatu kawai, da zaɓin `ro`.

To in Linux tana karanta fayilolina na Windows ba tare da kalmar sirri ba, ina amfanin duk wannan tsaro?

Tambaya mai kyau, kuma amsarta ba ta da daɗi. Izini yana aiki ne kawai lokacin da manhajar da ta kafa shi take gudana. Wanda ya riƙe laftof ɗinka a hannu, da filash mai ɗauke da Linux, zai karanta duk abin da ke ciki, na Windows da na Linux, ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. Izini yana kare ka daga kuskurenka, daga muguwar manhaja, da kuma sauran masu asusu a kwamfutar. Daga ɓarawo kuwa, ɓoye rubutun faifai ne kaɗai ke karewa: BitLocker a Windows, LUKS a Linux.

Zan iya kashe tambayar nan ta Windows da ke duhunta allo?

Za ka iya, amma ban ga dalilin da ya kai ba. Sunanta UAC, ta zo da Windows Vista, inda ta yi yawa har ta gundiri jama'a. A Windows 7 ta 2009 aka rage ta aka sa mata matakai huɗu. Aikinta shi ne: ko kai ne shugaban kwamfuta, manhajojinka suna gudana da ƙaramin iko, sai lokacin da wata ta nemi babban iko a tsaya a tambaye ka. Duhun allon ma da manufa: yana hana wata manhaja ta danna maka Yes da kanta.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne lokacin fitowarta. In kai ne ka danna saka manhaja, tambayar tana wurinta. In kana karanta takarda ko kallon bidiyo ta faɗo haka kawai, ka ce a'a, ka duba sunan manhajar da na mai ita. Masu saka manhajojin da aka fasa makullinsu su ne suka fi buƙatar wannan shinge, kuma su ne suka fi saurin cire shi.

In tana fitowa duk lokacin da za ka ajiye fayil, to wurin ajiyar ne matsala. Tushen faifan C da Program Files ba wurin takardu ba ne. Ka mayar da aikinka cikin foldar asusunka ko faifan ajiya, za ka ga ta yi shiru.

A Linux wasu fayiloli a cikin gidana suna da hoton kwaɗo.

Kusan kullum sudo ne sanadi. Duk abin da ka ƙirƙira ko ka kwafa da sudo na root ne, wato asusun shugaba na Linux, ba naka ba. Buɗe manhajar duba fayiloli ko ta rubutu da sudo ya fi muni, domin tana iya barin ƙananan fayilolin saiti a gidanka da sunan root. Akwai lokacin da hakan ke sa allon shiga ya riƙa dawo da kai baya duk da kalmar sirri daidai ce. Gyaran:

`sudo chown -R $USER:$USER /home/$USER`

Ka duba layin sau biyu kafin ka danna. Irin wannan umarni, in ya sauka a kan tushen tsarin maimakon gidanka, yana lalata sudo kansa. Haka `chmod -R 777`, wanda ake rabawa kamar maganin kowace cuta: yana buɗe wa kowa komai, kuma manhajoji irin su ssh suna ƙin aiki da makullin da aka bar wa kowa a buɗe.

Game da yawan tambayar sudo: a Ubuntu yana tuna ka na minti 15 a taga ɗaya. In kana da dogon aiki, `sudo -i` zai ba ka taga mai cikakken iko, ka gama ka fita. Wannan ya fi cire kalmar sirrin gaba ɗaya.

Bayan na saka Linux, Windows ta fito da shuɗin allo tana neman lambobi 48.

BitLocker ke nan. Makullin faifan yana ajiye a wani ɗan guntun ƙarfe mai suna TPM, wanda ba ya sakinsa sai ya ga kwamfutar ta tashi ta hanyar da ya sani. Sabon mai tayar da kwamfuta kamar GRUB, ko taɓa Secure Boot, saitin da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba a sa wa hannu ba, ko canjin wasu saituna na BIOS, duk suna iya sa ya riƙe makullin. Mutane da yawa ba su ma san faifansu a rufe yake ba, domin sababbin laftof kan kunna shi da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, kuma Windows 11 24H2 ta faɗaɗa hakan zuwa ƙarin kwamfutoci.

Lambobin galibi suna cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, a shafin na'urori. A kwamfutar ofis ko makaranta kuwa suna wajen masu kula da ita. Wanda ya sayi laftof na hannu ya kula sosai a nan, domin makullin na iya zama a asusun wani da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Tun kafin ka taɓa komai, ka rubuta `manage-bde -status` ka ga halin da ake ciki, ka fitar da lambobin ka rubuta a takarda. In sun ɓace, Microsoft kanta ba ta iya buɗe faifan.

In tambayar tana dawowa duk lokacin da ka shiga Windows ta GRUB, ka shiga ta jerin tayarwa na kwamfutar kanta: F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP. Linux tana iya buɗe faifan BitLocker in ka ba ta makullin, ta cryptsetup ko dislocker.

Sai na kashe Secure Boot?

Ubuntu, Fedora da Debian suna tashi da shi a kunne, ta wata ƙaramar manhaja mai suna shim da Microsoft ta sa wa hannu. Inda ake tuntuɓe shi ne direbobin waje, kamar na NVIDIA ko VirtualBox. Lokacin saka su za a ce ka zaɓi kalmar sirri ta wucin gadi, sannan a tashi na gaba wani shuɗin allo ya fito da zaɓin Enroll MOK. Mutane kan tsorata su wuce shi, daga nan direban ya ƙi aiki. Ka zaɓe shi, ka sa kalmar da ka zaɓa, sau ɗaya ne.

A watan Agustan 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows, wanda aka yi don toshe tsofaffin masu tayarwa masu rauni, ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu da dama, da saƙon da ke ambaton SBAT, duk da an ce ba zai shafe su ba. Masu tsohon shim ne abin ya kama. Saboda haka ka riƙa sabunta Linux ɗinka ko da ba ka cika shiga ba, filashin sakawa ma ya zama na kwanan nan.

Windows ta ce sai an yi wa wani faifai fomatin kafin a yi amfani da shi.

Ka danna Cancel. Windows ba ta karanta ext4, tsarin da yawancin Linux ke zaune a kai, don haka tana ganinsa kamar faifan da babu komai. In ɓangaren ya samu harafi, ka cire harafin a Disk Management, tambayar za ta daina. Fayil ɗin da kake so ka gani a Windows, ka ajiye shi a faifan da suke tarayya tun kana Linux.

Na gyara izini, amma wata manhaja ɗaya har yanzu ba ta ganin faifan.

Duba ko ta Snap ce ko ta Flatpak, wato wasu hanyoyi biyu na saka manhaja a Linux. Waɗannan a killace suke, da nasu shingen daban da izinin fayil. Ga Snap, `sudo snap connect sunanta:removable-media` yana buɗe mata /mnt da /media, in manhajar ta tanadi hakan. Ga Flatpak, manhajar Flatseal mai daidaita izini ita ce hanya mafi sauƙi.

Wane tsari ya fi dacewa da ɓangaren da za su yi tarayya?

Ra'ayina NTFS, a ɓangare na daban da ba na Windows ba, don takardu, hotuna da bidiyo. Yana riƙe da littafin abin da yake rubutawa, wanda ke taimaka masa farfaɗowa bayan ɗauke wuta. ExFAT ba shi da izini ko kaɗan, saboda haka babu rigima, kuma Linux tana karanta shi da kyau tun bayan da Microsoft ta buɗe bayanansa a 2019. Amma ba shi da wancan littafin, ya fi dacewa da filash da katin ajiya. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4.

Kada ka sa gidanka na Linux a NTFS, haka aikin rubuta manhaja da ke dogara da izinin gudanarwa. Wasannin Steam na Linux ma sun fi zama lafiya a ext4. Ka kula da sunaye kuma. Linux tana yarda da alamar tambaya, tauraro da ɗigo biyu a sunan fayil, tana kuma ɗaukar Rahoto da rahoto a matsayin fayiloli biyu. Windows ba ta yarda da waɗancan alamomi, kuma sunaye kamar CON da NUL haramun ne a wajenta. Fayil mai irin wannan suna yakan ƙi buɗuwa ko gogewa a Windows, mutum ya zaci izini ne. Zaɓin windows_names da ke layin fstab shi ke hana a ƙirƙire su tun farko.

Agogon Windows yana komawa baya da awa ɗaya duk lokacin da na fito daga Linux.

Linux tana ajiye agogon cikin kwamfuta a lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gari. A Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi bambancin awa ɗaya ne, a Sudan awa biyu, a Ghana babu bambanci, shi ya sa mutanen can ba sa ganin matsalar. Tana da alaƙa da fayiloli, domin lokacin da aka rubuta a jikinsu yana rikicewa, manhajar ajiyar kwafi ta kasa gane wanne ne sabo. A Linux ka rubuta:

`timedatectl set-local-rtc 1`

Za ta yi gargaɗi, wanda galibi ya shafi ƙasashen da ke matsar da agogo da rani da hunturu. Ƙasashen da aka ambata a sama ba sa yin haka. Daga nan ka shiga Windows ka daidaita agogon sau ɗaya.